Kalmar Da Ta Sauko Daga Majalisa Ta Koma “Abu”

Majalisar dokokin ƙasar Norwe tana zama ne a wani gini na bulo rawaya a tsakiyar birnin Oslo. Wakilanta 169, sunanta Storting. A ba ɗalibin da bai daɗe da fara koyon harshen ƙasar ba wannan suna ya fassara, zai buɗe ƙamus ya ga stor na nufin babba, ting kuma abu, sai ya rubuta “Babban Abu” ya miƙa wa malam. Haka zai yi wa Folketing ta Denmak, mai kujeru 179, ya mayar da ita “Abin Jama'a”. Malam zai ja masa jan biro, amma yaron bai yi ƙarya ba. Kalmar da mutumin Oslo ke kiran cokali da kujera da tarkacen aljihunsa da ita, ita ce dai ya liƙa wa wurin da ake yi wa ƙasarsa doka.

Duk wanda ya taɓa zama a ajin Turanci ya san kalmar, domin ita ce thing. Bajamushe na cewa Ding, mutumin Holan ding, mutanen Denmak da Norwe da Suwidin ting. A yau da wuya a sami kalmar da ta kai ta rashin nauyi. In sunan wani abu ya kwanta wa mutum, ita yake jawowa ya toshe gurbin, daidai da “miƙo min abin nan” a bakin Bahaushe. Amma shekara dubu da suka wuce, wanda aka kira zuwa thing ba ya wasa da kiran. A can ake yanke diyyar rai, a raba gado, a kori mai laifi daga ƙasa, a amince da sabon sarki ko a ƙi shi.

Harsunan da ke da kalmar 'yan ɗaki ɗaya ne, masana na kiransu dangin Jamanik: Turanci, Jamusanci, harshen Holan da ɗansa Afirkans na Afirka ta Kudu, harshen Firisiya, harsunan Sikandinabiya, da na Gotawa wanda ya daɗe da mutuwa. Uwarsu ɗaya, yadda Hausa da Bolanci da Angas suka haɗa uwa a dangin harsunan Cadi. Abin da ya bambanta thing da Ding da ting kuwa harafin farko ne kawai, kuma akwai dalilinsa. Sautin asali shi ne wanda ake fitarwa da bakin harshe a jikin haƙora, irin na harafin Larabcin nan mai ɗigo uku. Sauti ne mai wuyar riƙo. Hausa ma da ta aro kalmomi masu shi sai ta sauya shi, ta ce Talata da tamanin da “t”, ta ce Usman da “s”. Jamusawa da mutanen Holan suka mayar da shi “d”, Sikandinabiya ta mayar da shi “t”, Ingila da Aislan suka riƙe na kaka. Shi ya sa uku take three a Landan, drei a Balin, tre a Oslo. Rasmus Rask ɗan Denmak a 1818, da Jacob Grimm Bajamushe a 1822, su suka nuna wa duniya cewa irin wannan sauyin sauti yana bin ƙa'ida, ba faɗuwa ce kan dace ba. Mutanen Aislan har yau da tsohon harafin nan þ suke rubuta kalmar: þing.

In aka ci gaba da tono, ƙarƙashin ma'anar taro akwai wata da ta girme ta. A ƙarni na 4 wani bishop mai suna Wulfila ya fassara Littafi Mai Tsarki na Kirista zuwa harshen Gotawa, kuma a cikin fassarar akwai kalmar þeihs, 'yar'uwar þing, da ma'anar lokaci. Daga nan yawancin masu binciken asalin kalmomi suka fahimci hanyar: da farko lokacin da aka sa, sannan taron da ake yi a lokacin. Wanda yake ganin wannan tsalle ya yi nisa, ya dubi majalisar Jamus ta yau. Sunanta Bundestag, kuma Tag rana ce kawai, wato “ranar tarayya”. Riksdag ta Suwidin ma “ranar ƙasa” ce. Sau biyu ke nan dangin harshe ɗaya suna kiran taro da sunan ranar da aka sa masa.

Bayani mafi tsufa kan yadda taron yake gudana daga alƙalamin baƙo ya fito. A shekara ta 98 miladiyya, Tacitus marubucin Rum ya rubuta wani ɗan littafi, Germania, kan ƙabilun da ke hayin kogin Rhine. Ya ce ƙananan al'amura shugabanni ke yankewa, manya kuwa sai an tara kowa. Ana haɗuwa a tsayuwar wata ko lokacin da ya cika. Ya yi musu tsiya kan makara, wai sai a ɓata kwana biyu ko uku ana jiran waɗanda ba su iso ba, tunda ba mai iya tilasta musu. Kowa da makaminsa yake zama. Shugabannin addininsu ke sa a yi shiru, sannan sarki ko wani babba ya yi magana, kuma iya lallashinsa ake duba fiye da ikonsa. In maganar ba ta yi wa jama'a ba, sai gunaguni ya tashi. In ta yi, sai su kaɗa masu. Dole dai a karanta Tacitus da hattara, domin yana yabon baƙi ne don ya kunyata 'yan'uwansa Rumawa. Kuma da Latin ya rubuta, bai kawo sunan da mutanen ke kiran taron nasu ba.

Sunan a jikin dutse ya fara bayyana, a arewacin Ingila. A 1883, a kangon sansanin sojan Rum na Housesteads da ke kan Katangar Hadrian, an tono wani dutsen bauta na ƙarni na 3. Waɗanda suka kafa shi sojoji ne 'yan ƙabilar Tuihanti da ke yi wa Rum aiki, ana kuma danganta su da yankin Twente na gabashin Holan. Sun sadaukar da shi ga abin bautarsu da suka kira Mars Thincsus, wato Mars mai kula da taro. Wannan dutse ya taɓa har sunan ranar Talata. Rumawa na kiranta ranar Mars, shi ya sa Bafaranshe ke cewa mardi. Ƙabilun arewa suka ɗauki Mars daidai da nasu gunkin Tiw, sai Ingila ta sami Tuesday, Denmak tirsdag. Amma Holan na cewa dinsdag, Jamus Dienstag, kuma masana da yawa na ganin laƙabin Thincsus ne a ciki, ko da yake wasu na cewa sunan Tiw ɗin ne baki ya lanƙwasa. Bajamushen titi shi bai san wannan rigima ba. Kunnensa na jin Dienst, wato aiki, yana ɗaukar Talata ranar aiki ce.

Inda taron ya kai ƙololuwarsa shi ne Aislan, tsibirin da mutanen Norwe suka fara zama wajen 870. Ba su naɗa sarki ba. A 930 suka kafa taron ƙasa baki ɗaya, Althing, a wani fili mai nisan sama da kilomita 40 daga inda birnin Reykjavik yake yanzu, suka sa wa wurin suna Thingvellir, filayen taro. Wuri ne da ƙasa ke tsagewa a hankali, domin a nan faifan ƙasa na Amurka ta Arewa da na Turai ke rabuwa, kuma bangon dutsen da tsagar ta bari yana tsaye a bayan masu taro. Kowace bazara, mako biyu, manyan gari da mabiyansu kan hawo dawaki daga ko'ina, su gyara bukkokin dutse da ciyawa su rufa musu mayafin ulu. Ba shari'a kaɗai ake yi ba. Ana ciniki, ana ƙulla aure, ana jin labarin ƙasashen waje daga bakin waɗanda suka dawo daga teku.

Mutum ɗaya ne ke riƙe da muƙamin ƙasa: mai faɗar doka. Ana zaɓarsa na shekara uku, kuma aikinsa ya tsaya a kan Dutsen Doka ya karanto kashi ɗaya cikin uku na dokokin ƙasar da ka, kowace shekara, yadda kafin wa'adinsa ya cika jama'a sun ji su duka. Sai a hunturun 1117 zuwa 1118 aka fara rubuta su. Babu 'yan sanda, babu gidan yari. Wanda ya ci shari'a shi zai je ya karɓi haƙƙinsa da ƙarfin danginsa da na maigidansa. Hukunci mafi tsanani shi ne a fitar da mutum daga inuwar doka, ba mai ba shi abinci ko masauki, wanda ya kashe shi kuma ba ya biyan diyya. Akwai ƙaramin hukunci, korar shekara uku. Shi wani taron yanki ya yanke wa Erik Ja wajen 982 saboda kisan kai, ya shiga jirgi ya yi yamma, ya ƙare wa'adinsa yana leƙa gaɓar Girinlan. Ɗansa Leif ne ya taka ƙasar Amurka ta Arewa wajen shekara ta 1000, kusan shekara 500 kafin Kolombus.

Babbar jarrabawar Althing ta zo a 999 ko 1000. Sarkin Norwe, Olaf Tryggvason, yana matsa wa tsibirin lamba ya karɓi Kiristanci, har ya tsare wasu 'ya'yan manyan Aislan da ke ƙasarsa. A filin taro Kiristoci da masu bin addinin gargajiya suka ja daga, kowane ɓangare ya ce ya fita daga dokar ɗayan. Saura kaɗan yaƙi ya ɓarke. Aka miƙa maganar ga mai faɗar doka, Thorgeir, wanda shi kansa ɗan gargajiya ne. Ari Thorgilsson, wanda ya rubuta tarihin tsibirin wajen 1130, ya ce mutumin ya kwanta ya lulluɓa da mayafi yini guda da kwana guda bai ce uffan ba. Da ya tashi ya fara sa kowa ya yi alkawarin bin abin da zai yanke, sannan ya ce a yi wa kowa baftisma, amma mai son yanka wa tsoffin gumaka ya yi a ɓoye, cin naman doki kuma yana nan. Kowa ya koma gida da wani abu a hannu, ba a zub da jini ba.

Masu tallar yawon buɗe ido na son kiran wannan dimokuraɗiyya, amma sunan ya yi masa yawa. Masu yanke doka manyan gari ne, 39 bayan gyaran da aka yi wajen 965, kuma muƙaminsu ana gadonsa, ana ma sayar da shi. Bawa ba shi da baki, mace ba ta zama cikin masu hukunci, kuma mai gaskiyar da ya zo da mutum goma yakan sha wuya a gaban mai ƙaryar da ya zo da ɗari uku. A ƙarni na 13 manyan gidaje suka faɗa yaƙin basasa, har a 1262 tsibirin ya miƙa wuya ga sarkin Norwe. Daga baya, ƙarƙashin Denmak, taron ya zama kotu kawai, kuma akwai wani gurbin ruwa a gefen filin inda a ƙarni na 17 da na 18 aka riƙa nutsar da matan da aka yanke wa hukuncin kisa. Zaman ƙarshe a Thingvellir an yi shi a 1798, aka soke taron a 1800.

To yaya majalisa ta koma cokali? A hankali, taki-taki. A dokokin sarakunan Kent na Ingila, Hlothhere da Eadric, na ƙarshen ƙarni na 7, þing taro ce. Daga taron sai sunan ya zame kan ƙarar da aka kawo gabansa. Daga ƙara ya koma kan kowace irin magana da ke tsakanin mutane, sannan dalili, sannan abin da ya faru, daga ƙarshe abin da ake ɗauka da hannu. Kafin shekara ta 1000 Turancin da ya riga ya tara waɗannan ma'anoni. Sirrin yana cikin aikin kotu ne. Yau saniya ce aka sace, gobe iyakar gona, jibi zagi ko kisa ko sadaki, kuma dole a sami suna ɗaya da zai rufe su duka. Kalmar da aka ɗora wa wannan kaya ba za ta daɗe da tata kamar ba.

Shaidar cewa ba haɗari ba ne ita ce yadda abin ya maimaita kansa. A Latin causa ƙara ce a gaban alƙali, amma jikokinta, chose a Faransanci da cosa a Italiyanci da Sifaniyanci, duk abu suke nufi. Jamusanci na da wata kalmar abu ta biyu, Sache, wadda asalinta husuma ce da kai ƙara, kuma 'yar'uwarta sak ce mutumin Suwidin ya fi amfani da ita. A harshen Folan rzecz abu ne, tushenta kuwa magana. Mai jin Hausa bai kamata ya yi mamaki ba. Wanda ya ce “maganar filin nan ta ƙi ci ta ƙi cinyewa” ba furuci yake nufi ba, rigimar yake nufi. Lamari da al'amari kuma daga amr na Larabci suke, tushe ɗaya da umarni.

A Jamus da Holan taron ya mutu da sarakuna da lauyoyi masu karatun dokar Rum suka karɓe shari'a, amma ya bar ɓurɓushi a cikin kalmomin yau da kullum, inda masu harshen da kansu ba sa ganinsa. A da akwai tagedinc, ranar da aka sa wa mutum a kotu. Tsaya wa wani a wannan rana shi ya zama verteidigen, karewa, kuma daga nan ma'aikatar tsaron Jamus ta sami sunanta, haka ma ɗan bayan da ke tare wa Bayern Munich gida, wanda ake kira Verteidiger. Bedingung sharaɗi ne, abin da aka daddale a kai. In jarida ta ce 'yan sanda sun yi wa ɓarawo dingfest, tana nufin sun damƙe shi, asalinta tsare mutum don ya fuskanci kotu. A Holan kort geding shari'ar gaggawa ce, afdingen kuwa taya kaya da neman ragi a kasuwa, domin ciniki ma ja-in-ja ne har a daidaita. Ko Lambadawa da suka ci arewacin Italiya sun shigar da kalmar cikin Latin. A kundin dokokin sarkinsu Rothari na 643, thingare na nufin ba da kyauta ko 'yanta bawa a gaban shaidu.

Mutanen Denmak da Norwe sun warware ruɗanin ɗalibin nan da nahawu. En ting abu ne, et ting majalisa ce, jinsin kalmar ke rarrabewa. Kuma a can tsohuwar ma'ana ba ta taɓa yankewa ba, domin kotunan ƙauyuka sun ci gaba da amsa sunan. Kotun matakin farko a Suwidin tingsrätt ce, a Norwe tingrett. Wanda ya sayi gida a Denmak sai ya yi masa tinglysning, wato shela a gaban taro, domin haka ake yi a da: a faɗa da baki jama'a su shaida. Tun 2009 ta intanet ake yi, kotu guda da ke garin Hobro ke kula da na ƙasar duka, amma sunan shelar bai canza ba. Aislan ce ta fi kowa tsauri. A can þing a yau ba cokali ba ce, majalisa ce ko babban taro. Abu kuwa hlutur suke ce masa, kalmar da asalinta rabo ne da ƙuri'a.

Ingila tata hanyar daban. Turawan farko na da wata kalmar taro, gemot, 'yar'uwar meet, ita ta danne þing, sannan bayan mamayar Normandawa a 1066 kalmomin Faransanci suka cika kotu da fada. Amma kafin nan mayaƙan teku na Sikandinabiya, Bikin, sun dawo da tsohuwar ma'anar a jiragensu daga ƙarni na 9, suka shuka ta a taswira. Thingwall kusa da Libaful, Dingwall a arewacin Sikotilan, Tingwall a tsibiran Shetland da Orkney, duk sunan Thingvellir ne a bakuna daban-daban. A Yorkshire da Lincolnshire an daɗe ana kiran gunduma wapentake, ɗaukar makami, abin da ke tuna wa mutum masun Tacitus.

Sun kuma bar husting, taron gida, wanda shugaba ke yi da mutanensa. Tarihin Anglo-Saxon ya yi amfani da kalmar wajen ba da wani mummunan labari. Mayaƙan Denmak sun kama Alphege, babban bishop na Canterbury, a 1011. Ya hana a biya kuɗin fansarsa. Ranar 19 ga Afrilu 1012, a Greenwich, bayan sun sha sun bugu, suka kawo shi gaban husting ɗinsu suka yi ta jifarsa da ƙasusuwa da kawunan shanu, wani ya ƙarasa shi da gatari. Kalmar ta wanke jikinta daga baya, ta zama sunan wata tsohuwar kotu a Landan, sannan dandamalin da 'yan takara ke hawa a gabatar da su ga jama'a. Dokar 1872 ta kawo ƙuri'ar sirri ta rushe dandamalin, amma har gobe jaridun Birtaniya na kiran yaƙin neman zaɓe hustings.

Wanda yake son ganin abin da ransa, sai ya je Tsibirin Man, tsakanin Ingila da Ailan. Majalisarsu Tynwald ce, wani bakin na Thingvellir, duk da cewa harshen gargajiyar tsibirin ba na dangin Jamanik ba ne. Kowace shekara, 5 ga Yuli, majalisar kan fita fili a ƙauyen St John's, ta hau wani tudu mai hawa huɗu, a shelanta sababbin dokoki da Turanci da harshen Manx. Ba ado ba ne kawai: dokar da ba a shelanta a kan tudun ba cikin wata 18 ta faɗi. Kowane mutum kuma na iya zuwa gindin tudun ya miƙa takardar kokensa. A 1979 suka yi bikin cika shekara 1,000, ko da yake babu takardar da ta tabbatar da 979 ɗin.

Manyan majalisun Sikandinabiya na yau kuwa ba gadon kai tsaye ba ne, zaɓa aka yi. A ƙarni na 19, da kishin ƙasa ya motsa, kowa ya koma rumbun kakanni, da ma an ce da tsohuwar zuma ake magani. Norwe ta sa wa majalisarta Storting a tsarin mulkin 1814. Denmak ta ƙirƙiro Folketing a 1849. Althing ta dawo a 1845, amma a cikin Reykjavik, kuma yau wakilanta 63. Løgting ta tsibiran Faro, da aka soke a 1816, ta farfaɗo a 1852. Da Aislan ta tashi yanke igiyarta da Denmak, ranar 17 ga Yuni 1944, Thingvellir aka koma aka shelanta jamhuriya. Har Samawa, makiyayan barewar ƙanƙara na arewa mai nisa waɗanda harshensu ba ya cikin dangin, majalisar da aka buɗe musu a Norwe a 1989 Sameting ake kiranta da harshen ƙasar.

Tono tsohuwar kalma ba kullum yake alheri ba. Bayan 1933 gwamnatin Nazi ta fara gina manyan dandamali a sararin Allah ta kira su filayen Thing, da tsohon rubutu, tunda Ding ta riga ta zama tarkace. An tsara ɗaruruwa, waɗanda aka kammala 'yan gommai ne. Ministan farfaganda Goebbels da kansa ya buɗe na Heidelberg a watan Yuni 1935. Wasan kwaikwayo ake yi, dubban mutane na rera abin da aka rubuta musu. Taron da Tacitus ya bayyana, duk da aibinsa, yana da gunaguni, kuma gunagunin ne aka cire. Jama'a ba su yi ɗokin wasannin ba, ruwan sama ma bai taimaka ba, kafin ƙarshen 1935 ma'aikatar Goebbels ta hana amfani da kalmar. Wasu filayen na nan. Na Balin, wanda aka gina don gasar Olamfik ta 1936, yanzu Waldbühne ne, wurin casun mawaƙa mai ɗaukar mutum kusan 22,000.

Ɗayan reshen kalmar, na abu, ya ci gaba da gangarawa. Masu falsafa sun ɗan ɗaga shi, Kant ya yi magana kan Ding an sich, abu a zatinsa kafin idon mutum ya faɗa masa, amma bakin talaka ya fi ƙarfi. Turanci ya ɗaure shi a wutsiyar something da anything da nothing, Sikandinabiya ta yi ingenting, ba komai. Bajamushen da suna ya ɓace masa yana cewa Dingsbums, Bature thingy. Jiragen ruwan Ingila kuma suka kai shi inda masu dutsen Housesteads ba su taɓa jin labari ba. A Tok Pisin na Papuwa Niu Gini, abu samting ne, abin banza kuma samting nating. A gaɓar Afirka ta Yamma sautin farkon ya sake zamewa zuwa “t”, yadda ya yi a Oslo, ya zama tin. Haɗe da kalmar tambaya ta Turanci, what thing ta dunƙule ta zama wetin, wadda ake ji daga Firitawun zuwa Legas da Fatakwal, har Sabon Garin Kano, a duk lokacin da mai Buroka ya tambayi abin da ke faruwa.